Matakala Ɗari da Arba'in da Bakwai

A Valparaíso gidaje ba zaune suke ba, rataye suke,
kowanne ya riƙe ƙafar na samansa,
kamar shanya a jikin dutse.
Daga bakin teku zuwa ƙofarmu
matakala ɗari da arba'in da bakwai ne.
A kansu kakata Eulalia ta koya mini ƙirge,
tun ban san alli ba, tun ban san malami ba.

Ina ɗan shekara biyar, bibbiyu nake tsallakewa,
ita tana biye, kwandon kifi a ƙugu,
ba ta sauri, ba ta tsayawa.
"Baltasar," in ji ta, "ƙafa adashi take yi,
abin da ka zuba yau shi za ka kwasa gobe."
Ban ji ba.
Wane yaro ne ke jin zancen gobe?

Na girma, Santiago ta yafito ni.
Hawa na goma sha ɗaya: na'ura ta kai ni,
na'ura ta sauko da ni,
kujera ta rungume ni tun safe har fitilun titi su kama.
Shekara ashirin da biyu ina zaune.
Kujerar nan ba ta taɓa cizona ba,
cin gara take yi, a hankali, daga ciki:
ta fara da baya, ta koma barci,
daga nan ta taɓa numfashi.
Likita ya ɗaure mini dantse, ya dubi allura,
ya ɗaga gira,
ya rubuta ƙwayoyi iri uku.

Ranar da ta cika tamanin da shida na zo gida.
A matakala ta sittin zuciyata ta shiga lugude.
Na dafa bango,
na yi kamar jiragen ruwa nake kallo.
Sai ga ta da burodi mai ɗumi a hammata,
ta raɓa ni ta wuce, ko uffan.
Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kada in yi muku ƙarya:
gwiwoyinta na kuka kamar ƙyauren da ya manta da mai,
da dare tana mulke su tana tsaki.
A ta casa'in akwai itacen lemun tsami,
nan take zama, wai don ta gaida Fermín mai gyaran takalma,
su tsine wa tsadar albasa,
su ƙirga waɗanda suka mutu, su yi dariyar waɗanda suka rage.
Sai daga baya na gane
gaisuwar ma a cikin maganin take.

Cikin Yuli, tsakiyar sanyinmu,
ruwa ya kwana yana lasar dutse.
Ta zame.
Ƙashin ƙugu ya ce ga garinku.
Wata uku tana kallon rufi,
maƙwabta suka fara magana ƙasa-ƙasa,
wata har ta tambayi wa zai gaji tukwanen furanninta.

A daidai lokacin 'yata Ximena ta saki rarrafe.
Wata safiya na same su a bakin ƙofa,
ɗaya riƙe da sanda,
ɗaya riƙe da gefen siket ɗin ɗayar,
kowacce tana leƙen matakalar farko kamar rijiya.
Suka sauka ɗaya. Suka huta.
Washegari biyu.
Ranar Laraba ba su fito ba, tsohuwar ta yi kuka,
yarinyar ma ta taya ta ba tare da sanin dalili ba.
Alhamis, uku.

Yau sun kai ta goma sha tara.
Ni ne mai kwando yanzu, ni nake zuwa bakin teku,
ina haki, amma ba na ƙarya da jiragen ruwa.
Ƙwayoyina sun koma iri biyu.

Ɗazu Fermín ya aiko da lemo uku a takarda,
ya ce sauran suna bisa,
sai ta zo da ƙafarta ta tsinka.
Ta motsa leɓe, ta lanƙwasa yatsu.
"Saura talatin da takwas," in ji ta.
"Ka ce masa kada ya mutu tukuna."